Reinhold Niebuhr (1892–1971): Faston da Ya Yi Nazarin Yadda Ake Tayar da Ƙasa Bayan Yaƙi

Ranar da bindiga ta yi shiru, ranar ce aiki mafi wuya yake farawa. Akwai matattun da za a binne, akwai gidajen da za a sake ginawa, ga kuma maƙwabcin da jiya yake cikin masu kawo hari, yau dole a haɗu da shi a kasuwa. Wa zai yi hukunci? Wa zai riƙe mulki, wa kuma zai taka masa birki idan ya wuce gona da iri? Ina ikkilisiya za ta tsaya? A wannan darasi za mu duba rayuwar Reinhold Niebuhr, fasto kuma malamin tauhidi ɗan Amurka, wanda ya ga yaƙin duniya sau biyu, ya kuma yi shekara 32 yana koyarwa a kan waɗannan tambayoyi.

Ɗan gidan fasto

An haifi Niebuhr ranar 21 ga Yuni, 1892, a wani ƙaramin gari mai suna Wright City a jihar Missouri. Mahaifinsa, Gustav, ya yi ƙaura daga Jamus tun yana saurayi, ya zama fasto a wata ɗarikar Jamusawa mazauna Amurka wadda ta haɗa koyarwar Luther da ta Calvin. Mahaifiyarsa, Lydia, ita ma 'yar fasto ce. Da Jamusanci ake hira a gida, da shi kuma ake sujada. Uku daga cikin 'ya'yan gidan sun zama malaman tauhidi: shi Reinhold, da ƙanensa Richard wanda ya koyar a Jami'ar Yale, da yayarsu Hulda wadda ta koyar a makarantar tauhidi ta McCormick a Chicago.

Ya yi karatu a kwalejin ɗarikarsu ta Elmhurst, daga nan ya wuce makarantar tauhidi ta Eden kusa da St. Louis. A 1913, yana gab da gamawa, mahaifinsa ya rasu. Aka naɗa shi fasto a shekarar, ya riƙe ikkilisiyar mahaifinsa na 'yan watanni, sa'an nan ya tafi Yale, inda ya sami digiri biyu a 1914 da 1915. A can ya riƙa jin kansa kamar baƙauye, saboda Turancinsa bai goge kamar na abokan karatunsa ba. Bai tsaya yin digirin dakta ba. Gida na bukatar taimako, ɗarika kuma tana jiran ya fita aiki.

Makarantar Detroit

A 1915 aka tura shi ikkilisiyar Bethel a birnin Detroit, mai mambobi kimanin 65. Mahaifiyarsa ta bi shi, ta ɗauki nauyin makarantar Lahadi da ayyuka da dama. Lokacin da ya bar wurin bayan shekara 13, mambobin sun haura 600.

Detroit birnin ƙera motoci ne, jama'arsa kuwa sun ninka sau uku tsakanin 1910 da 1930. Duniya tana yabon Henry Ford saboda albashin dala 5 a rana da ya fara biya a 1914. Amma matashin faston yana ganin ɗaya gefen. Ana ƙara wa injin gudu har ma'aikaci ya gaji liƙis, ana sallamar wanda ƙarfinsa ya fara raguwa, kuma makonnin da masana'anta take rufe babu ko sisin kwabo. A 1927, da Ford ya rufe masana'antarsa don sauya samfurin mota, dubban iyalai suka yi watanni ba abin sawa a baki. Niebuhr ya yi rubuce-rubuce a mujallar Christian Century yana tona wannan. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, yawancin masu kuɗin mutanen kirki ne a gidajensu, masu ba da baiko a majami'a, amma tsarin da suke ci daga gare shi yana niƙa talaka. Wa'azin ƙauna kawai bai sa ko ɗayansu ya rage ribarsa ba.

A Detroit ɗin kuma ya ga yadda ake sa addini a siyasa don a ware wasu. Ƙungiyar Ku Klux Klan, wadda take kiran kanta mai kare Furotesta farar fata, ta tsani baƙar fata da Katolika da Yahudawa. A zaɓen magajin gari na 1925 ta mara wa wani ɗan takara baya don a kayar da John Smith, wanda Katolika ne. Niebuhr, faston Furotesta, ya hau mumbari ya yi tir da ƙungiyar, ya nuna cewa ita abin kunya ce da ta fito daga cikin gidan Furotesta. Smith ya ci zaɓe, daga baya kuma ya naɗa Niebuhr shugaban kwamitin duba zamantakewar baƙar fata da farar fata a birnin.

Sulhun da ya haifi wani yaƙi

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, Niebuhr ya goyi bayan ƙasarsa a kan ƙasar kakanninsa. Ya riƙa zagaya sansanonin soja a madadin ɗarikarsa, ya kuma gaskata alkawarin Shugaba Wilson cewa yaƙin zai kawo salama mai adalci. Sai aka sa hannu a yarjejeniyar Versailles a 1919. Waɗanda suka ci yaƙi suka ɗora wa Jamus alhakin ɓarnar, suka yanka mata diyya mai nauyi, suka raba yankunan da take mallaka a tsakaninsu.

A 1923 ya ziyarci Turai. A farkon shekarar sojojin Faransa da Beljiyam sun mamaye yankin Ruhr, cibiyar kwal da ƙarfen Jamus, saboda ta gaza biyan diyya. Kuɗin Jamus ya zama takarda kawai. Ya ga yara da yunwa, ya ga iyalan da aka raba, ya ga ƙiyayya tana tafasa a ɓangarorin biyu. Ya dawo gida da ƙudurin cewa shi da yaƙi har abada, ya shiga sahun masu aƙidar ƙin ɗaukar makami ko da wane dalili. Daga baya ya sauya ra'ayi a kan wannan aƙida, amma darasin Ruhr bai taɓa barinsa ba: idan wanda ya yi nasara ya mai da sulhu hanyar ramuwa, to, ya shuka irin yaƙi na gaba. Bayan shekara goma Hitila ya hau mulki a kan wannan ɗacin rai.

Daga mumbari zuwa aji

A 1928 makarantar tauhidi ta Union a New York ta kira shi ya koyar da ɗabi'ar Kirista. Wasu malaman sun yi gunaguni, don ba shi da digirin dakta, ga shi kuma da zafin baki. Ba a daɗe ba ajinsa ya riƙa cika maƙil. Yana koyarwa cikin mako, ƙarshen mako kuma ya shiga jirgin ƙasa ya tafi wa'azi a jami'o'i. Ya shiga Jam'iyyar Soshalis, ya tsaya takara a 1930 da 1932, ya sha kaye duka biyun. A 1931 ya auri Ursula Keppel-Compton, 'yar Ingila wadda ta karanta tauhidi a Oxford, wadda daga baya ta kafa sashen nazarin addini a kwalejin Barnard. Allah ya ba su 'ya'ya biyu.

A 1932 ya fitar da littafin da ya sa aka san shi, Moral Man and Immoral Society, wato mutum mai ɗa'a da al'umma marar ɗa'a. Abin da littafin yake faɗi yana da sauƙin ganewa, yana da wuyar haɗiya. Mutum ɗaya yana iya jin tausayi, ya sa kansa a matsayin wani, har ya bar haƙƙinsa. Amma taro, ko ƙabila ce, ko ƙasa, ko masu arziki, ko mabiya addini ɗaya, da wuya su yi haka. Abin da ya fi ban tsoro kuma, halin kirkin mutum ɗaya shi ne yakan zama makamin son kan taro. Saurayin da ya ba da ransa saboda mutanensa ya yi sadaukarwa ta gaske, amma mai yiwuwa mutanen nasa zalunci suke yi da wannan sadaukarwa. Shi ya sa mutumin da ba zai iya marin yaron maƙwabcinsa ba yakan shiga ayarin da zai ƙone unguwa, ya kuma koma gida yana ganin ya yi wa Allah aiki.

Daga nan ya kai ga cewa masu cin moriyar zalunci ba sa sakin abin da suka riƙe don an roƙe su kawai. Dole a sami wani ƙarfi da zai tsaya musu, ƙarfin doka, ko ƙuri'a, ko ƙungiyar ma'aikata, ko ƙaurace wa kayansu. Ya yaba hanyar Gandhi ta matsa lamba ba tare da zub da jini ba, ya ce ita ce za ta fi dacewa da baƙar fatan Amurka. Martin Luther King ya karanta shi tun yana ɗalibi, ya kuma ambaci sunansa a wasiƙar da ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963. Amma abokan Niebuhr da yawa sun ji haushin littafin, suka ce ya raina ikon ƙauna. Ba da daɗewa ba ya bar shugabancin ƙungiyar masu ƙin yaƙi da yake riƙe da shi.

Zunubin girman kai

Niebuhr ya bi abin da yake faruwa a Jamus da idon wanda ya san harshen da mutanen. A 1933, da gwamnatin Hitila ta kori malamin tauhidi Paul Tillich daga aiki, yana cikin waɗanda suka samo masa wuri a Union. Dietrich Bonhoeffer ya zauna a ajinsa a 1930 zuwa 1931. A 1939 Niebuhr ya taimaka aka fitar da shi zuwa Amurka, amma bayan 'yan makonni Bonhoeffer ya zaɓi komawa ya sha wuya tare da mutanensa. An rataye shi a Afrilun 1945.

A 1939 ɗin aka gayyaci Niebuhr ya gabatar da laccocin Gifford a Edinburgh, girmamawar da Amurkawa kaɗan suka samu kafin shi. Yana tsakiyar kashi na biyu yaƙi ya riga ya ɓarke, har jiragen Jamus suka kai hari kan jiragen ruwan yaƙi kusa da birnin. Laccocin sun fito a littafi mai juzu'i biyu, The Nature and Destiny of Man, a 1941 da 1943. A nan ya koma ga Farawa 3, da wasiƙun Bulus, da Agustin na Hippo.

Ya ce mutum halitta ne mai iyaka, amma an yi shi cikin kamannin Allah, yana iya hango abin da ya wuce iyakarsa. Wannan yakan sa masa fargaba. Maimakon ya dogara ga Allah, sai ya nemi ya tsare kansa ta wurin ɗaukaka kansa. Ya kasa girman kai kashi huɗu. Akwai na iko, inda mai ƙarfi yake ƙara tara ƙarfi don tsoron kada a ƙwace. Akwai na ilimi, inda mutum yake ɗaukar ɗan abin da ya hango daga tsakar gidansu a matsayin dukan gaskiya. Akwai na ɗabi'a, inda yake auna kowa da mudunsa. Na huɗu, mafi haɗari, shi ne na ruhaniya, inda mutum ko taro suke sa wa bukatarsu hatimin Allah. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Niebuhr ya nuna cewa addini kansa yakan zama tudun.

Akwai wani bambanci da ya yi wanda yake da amfani ga duk mai zaman sulhu. A gaban Allah kowa mai zunubi ne, kamar yadda Romawa 3 ta koyar. Amma alhakin abin da aka aikata a duniya ba ɗaya ba ne. Wanda ya shirya kisa da wanda aka kashe wa 'ya'ya ba a ma'auni ɗaya suke ba, annabawa kuma sun fi tsananta wa sarakuna da attajirai. Gaskiya ta farko tana hana wanda aka zalunta ya mai da kansa Allah. Ta biyu tana hana azzalumi ya ɓuya a bayan cewa ai dukanmu masu zunubi ne.

Saboda haka ya goyi bayan a yaƙi Hitila. Ya fita daga Jam'iyyar Soshalis a 1940, ya kafa mujallar Christianity and Crisis a 1941 don ya shawo kan ikkilisiyoyin Amurka cewa naɗe hannu ma zaɓi ne mai alhaki. Duk da haka bai yarda a kira yaƙin mai tsarki ba. A ganinsa mugun abu ne da aka shiga don a hana wanda ya fi shi muni, don haka da tuba ake yinsa. A 1946 ya sa hannu a rahoton malaman tauhidi da ya yi tir da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki.

Dimokuraɗiyya da bambancin addini

Tun yaƙi bai ƙare ba ya fara tunanin abin da zai biyo baya. A 1944 ya fitar da The Children of Light and the Children of Darkness, sunan da ya ɗauko daga misalin Yesu a Luka 16. 'Ya'yan duhu, a fassararsa, su ne waɗanda ba su san wata doka ba sai son kansu, amma suna da wayo, sun san abin da yake motsa mutane. 'Ya'yan haske suna neman alherin kowa, amma sau da yawa suna da wauta, don suna raina ƙarfin son kai a zuciyar wasu, har da tasu zuciyar.

Daga nan ya ba dimokuraɗiyya tushe daga Littafi Mai Tsarki. Tana yiwuwa saboda akwai sauran sanin adalci a cikin mutum. Ta zama dole kuma saboda babu mutumin da za a damƙa wa iko a juya baya, ko da shi namu ne, ko da da addu'a ya hau kujera. Shi ya sa ake raba iko, kotu ta iya tsawata wa mai mulki, majalisa ta binciki baitulmali, jarida ta yi magana, masu ƙuri'a su iya sauke wanda suka ɗora.

A littafin ya ɗauki tambayar da ta jawo wa Turai yaƙe-yaƙe masu tsawo: yaya masu addini daban-daban za su zauna a ƙasa ɗaya? Ya ce hanya uku ce. Ta farko, addini ɗaya ya mallaki gwamnati ya danne sauran, wannan kuwa ƙarshenta jini. Ta biyu, a ɗauka cewa addini ba shi da muhimmanci, a zauna lafiya saboda ba wanda ya damu da shi, wannan kuma tana barin al'umma ba tushe. Ta uku ita ce kowa ya riƙe bangaskiyarsa da gaske, ya yi shelarta, amma da tawali'un sanin cewa Allah cikakke ne, fahimtarmu da halinmu kuwa ba cikakku ba ne. Ya yarda cewa wannan ta uku ita ce mafi wuya, don tana bukatar addini mai zurfi.

Jamus a cikin toka

A 1946 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin ayarin masana da ta aika su duba makarantu a yankin Jamus da take riƙe da shi. Bayan shekara 23 ya sake tsayawa a ƙasar da aka ci da yaƙi, wannan karon biranen sun zama kufai, ga miliyoyin 'yan gudun hijira, ga yunwa. Ya gana da malamai da shugabannin ikkilisiya da 'yan siyasar da suka tsira daga kurkukun Hitila.

Bai rage wa Jamus laifinta ba. Amma ya yi ta jan kunnen waɗanda suka yi nasara kada su maimaita 1919. Ba za ka koya wa mai jin yunwa dimokuraɗiyya ba. A hukunta waɗanda suka jagoranci ta'asa, amma a bar jama'a su tayar da masana'antunsu, a ƙarfafa Jamusawan da suka ƙi Hitila su riƙe ragamar ƙasarsu. Ya kuma yi gargaɗi a kan take-taken Tarayyar Sobiyat. Ya goyi bayan shirin Marshall, wanda ya zuba kimanin dala biliyan 13 a Yammacin Turai daga 1948. Shi murya ɗaya ne cikin masu yawa, amma ana sauraronsa: hotonsa ya fito a bangon mujallar Time a 1948, ya yi jawabi a taron kafa Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya a Amsterdam a shekarar, a 1949 kuma ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta nemi shawararsa.

A lokacin wasu masana suna kira a kafa gwamnati ɗaya ta duniya don a kawo ƙarshen yaƙi. A wata maƙala ta 1949 Niebuhr ya ce wannan mafarki ne. Dalilin da ya bayar shi ne zuciyar tunaninsa a kan gina ƙasa: takarda ba ta haifar da al'umma. Kundin tsarin mulki yana aiki ne inda akwai ɗan abin da ya riga ya ɗaure mutane, kamar ciniki, da tarihin wahalar da aka sha tare, da amanar da aka gwada aka ga ta tsaya. Gwamnati tana iya ƙarfafa wannan, amma ba ta ƙirƙiro shi da doka. Ya goyi bayan Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin zauren da abokan gaba za su riƙa magana, bai ɗauke ta mai ceto ba.

Rashin lafiya da shekarun ƙarshe

A farkon 1952 ya sami shanyewar ɓarin jiki na hagu. Mutumin da ya saba tsere daga gari zuwa gari ya koma dogara ga matarsa, ya kuma yi fama da baƙin ciki mai nauyi. Mutane da yawa sun san wata gajeriyar addu'arsa ta neman natsuwa, wadda ƙungiyar masu yaƙi da shaye-shaye ta Alcoholics Anonymous ta yaɗa a duniya. A shekarun nan shi kansa ya ga wuyar aikata abin da addu'ar take roƙo.

A shekarar littafinsa The Irony of American History ya fito. A ciki ya juya kan ƙasarsa, wadda ta fito daga yaƙi ta fi kowa ƙarfi tana kuma ganin kanta marar laifi. Ya gargaɗe ta cewa ƙasar da ta tabbata Allah yana gefenta ita ce ta fi saurin makancewa, ya tuna mata da Zabura 2, inda Ubangiji yake yi wa shirin sarakuna dariya. Ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya a 1960. A 1964 Shugaba Johnson ya ba shi babbar lambar yabo ta farar hula, amma wannan bai hana shi yin tir da yaƙin da gwamnatin Johnson ɗin take yi a Biyetnam ba.

A 1969, da Shugaba Nixon ya fara gayyatar manyan masu wa'azi su yi sujada a fadarsa, Niebuhr ya rubuta maƙala mai zafi. Ya kawo labarin Amos 7, inda Amaziya, firist ɗin Betel, ya kori annabi saboda maganarsa ba ta yi wa sarki daɗi ba. Ya ce gayyatar fada takan dushe kaifin bakin mai wa'azi. Ya rasu ranar 1 ga Yuni, 1971, a Stockbridge ta jihar Massachusetts, yana da shekara 78. Amininsa Abraham Heschel, malamin Yahudawa, shi ya yi jawabi a jana'izarsa.

Inda ake kuka da shi

Ba ma ɗaukar Niebuhr a matsayin ma'aunin koyarwa. Ya fassara wasu manyan al'amuran Littafi Mai Tsarki, kamar faɗuwar Adamu, a matsayin alamu masu ɗauke da gaskiya maimakon tarihi, mu kuwa ba mu bi shi a nan ba. Masana daga ikkilisiyoyin salama, irin su Mennonite da 'Yan'uwa, waɗanda EYN ta fito daga cikinsu, sun ce ya yi magana da yawa a kan zunubi, kaɗan a kan Ruhu Mai Tsarki da sabuwar haihuwa da ikkilisiya a matsayin jama'ar da za ta iya bin Matiyu 5 a aikace. Wannan suka ce mai nauyi. James Cone, malamin tauhidi baƙar fata wanda shi ma ya koyar a Union, ya ce Niebuhr ya fahimci wariyar launin fata da kai amma bai ji zafinta a jiki ba, shi ya sa a shekarun 1950 ya riƙa ba da shawarar a bi a hankali. Mutumin da ya koyar cewa kowa yana kallon duniya daga tsakar gidansu, shi ma bai kuɓuta daga wannan ba.

Abin da za mu ɗauka

'Yan'uwa, da yawa cikinmu mun binne namu, wasu har yau ba su koma garuruwansu ba. Niebuhr ya yi rubutu don Amurka da Turai, amma akwai abubuwan da za su yi mana amfani.

Na farko, gafara da adalci ba kishiyoyi ba ne. Mai bi yana gafartawa saboda an gafarta masa a kan gicciye. Amma wannan bai ɗauke wa hukuma aikin da Romawa 13 ta ɗora mata ba. Sulhun da aka yi da cin abinci da ɗaukar hoto, alhali ba a hukunta kowa ba, ba a mayar wa kowa gonarsa ba, rufe miki ne da ƙyalle. Neman a gurfanar da mai laifi, a biya diyya, a tsare ƙauyuka, aikin ƙaunar maƙwabci ne.

Na biyu, wanda aka zalunta ma yana bukatar ya tsare zuciyarsa. Alhakin wanda ya kawo hari yana wuyansa. Amma ranar da muka ɗora laifin mutum goma a kan ƙabila duka ko addini duka, har matasanmu suka tare matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, mun shiga zunubin taron da Niebuhr ya bayyana.

Na uku, kada mu ce tunda namu ne a kan kujera, an gama. A tambaye shi lissafi kamar yadda za a tambayi na wasu. Mu fastoci kuma mu tuna da Amaziya duk lokacin da aka aiko mana da mota daga gidan gwamnati.

Na huɗu, amana ba ta zuwa da sanarwar gwamnati. Tana ginuwa a kasuwar da aka sake buɗewa, da asibitin da yake karɓar kowa, da makarantar da yaranmu da nasu suke zama a benci ɗaya, da alkawarin da aka cika sau ɗaya, aka sake cikawa. Aikin shekaru ne, kuma ikkilisiya tana da hannu a ciki.

Babu ƙasar da za ta zama Mulkin Allah kafin Almasihu ya dawo. Wannan ya isa ya hana mu bauta wa kowane ɗan siyasa, ya kuma hana mu fid da zuciya idan gyara ya zo rabi da rabi. Irmiya ya umarci waɗanda aka kai bauta Babila su nemi lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Mu karanta Irmiya 29, da Amos 5 da 7, da Romawa 12 da 13 a ƙungiyoyinmu cikin wannan mako. Ubangiji ya ba mu hikima da tawali'u, ya warkar da ƙasarmu. Amin.